SanDisk Cruzer Blade mai giga 16: ya dace da injin aikin kwamfuta?

Duk mai injin zuba aiki na kwamfuta, wanda teloli ke ce wa monogiram, ya san galibi da filash zane ke barin kwamfuta ya shiga inji. Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi gani a hannun mutane shi ne SanDisk Cruzer Blade, ɗan ƙaramin nan baƙi da ja marar murfi. Yana da arha, kuma ana samunsa ko'ina ake sayar da kayan waya, daga Farm Centre a Kano har ƙananan shagunan unguwa. A wannan aiki, mai giga 16 ya wadatar har ya yi yawa. Wanda ya ƙara kuɗi ya sayi mai giga 64 ko 128 sau da yawa matsala ya sayo wa kansa.

A fara da lissafi, domin a nan ake ruɗewa. Da bayit ake auna girman fayil: bayit 1,000 ne kilobayit (KB) ɗaya, KB 1,000 ne megabayit (MB) ɗaya, MB 1,000 kuma su ne giga ɗaya. Haka kamfanoni ke ƙirgawa. Ita kuwa Windows da 1,024 take rabawa, shi ya sa filash mai giga 16 ba ya taɓa nuna sama da 14.9 a kwamfuta, wani lokaci ma ƙasa da haka kaɗan. Ba cuta ba ce, mudun awon ne ya bambanta.

To nawa zane ɗaya ke ci? Fayil ɗin DST, tsarin kamfanin Tajima da galibin manyan injinan kasuwanci ke karantawa, bayit uku yake kashewa a kan kowace sukar allura, sai bayit 512 na bayanin farko. Tambarin rigar makaranta mai suka 10,000 ke nan bai wuce KB 30 da 'yan kai ba. Aikin gaban babbar riga mai suka 100,000 zai tsaya wajen KB 300. Irin wannan babban zane, sama da 50,000 za su shiga filash ɗin nan. Hoto ɗaya na wayar hannu, mai MB 3, ya kai nauyin zanen babbar riga goma. Saboda haka in filash ɗin inji ya cika, ba zane ne ya cika shi ba, hotunan samfur ne da bidiyo da waƙoƙin da yaran shago suka loda.

Abin da ya sa ƙarami ya fi shi ne tsarin fomatin, wato yadda aka tsara cikin filash don ajiye fayiloli. Injinan aiki da yawa, musamman tsofaffi, tsarin FAT32 suka sani. Mai giga 16 da FAT32 ya dace, manya kuwa in aka yi musu fomatin a Windows sai dai exFAT ko NTFS, domin akwatin fomatin da aka saba ba ya ba da zaɓin FAT32 ga abin da ya haura giga 32. Sai a soka filash sabo fil, inji ya yi shiru kamar ba a saka komai ba, a fara zargin ramin USB. Akwai ma tsofaffin injinan da ko giga 16 ya yi musu girma, don haka a duba littafin inji kafin a saya. Yin fomatin ba wuya: a soka a kwamfuta, a danna shi da maɓallin dama, a zaɓi Format, a sa FAT32 a wajen File system, a danna Start. Yana goge komai, sai a kwashe abin da ke ciki tukuna.

Gudun Cruzer Blade na USB 2.0 ne, kuma yana da nawa wajen karɓar manyan fayiloli. Ga mai kwafar finafinai wannan aibu ne. Ga fayil mai KB 300 ba wanda zai lura.

Inda ya gaza shi ne jikinsa. Roba ne gaba ɗaya, har bakin da ake sokawa, kuma a shagon da ake cirewa a mayar sau ashirin a wuni bakin kan tsage. Ba shi da murfi, alhali shagon ɗinki cike yake da burbushin zare da ƙurar yadi, su kuwa cikin bakin suke taruwa har inji ya riƙa gani yana ɓacewa. Ba shi da fitilar da ke nuna yana aiki, sai mutum ya fizge shi ana tsakiyar rubutu, zane ya lalace. A kwamfuta a danna Eject kafin cirewa. A inji kuma a loda zanen cikin ma'ajiyarsa, a cire filash kafin a tayar, saboda girgiza tana sassauta rami. Ɗan gajeren wayar ƙari ta USB da za a bari a jikin inji dabara ce mai kyau: gara ita ta lalace da ramin inji.

Sai batun jabu, wanda duk kaya mai farin jini ke fama da shi. Akwai filash da aka yi wa dabara ya nuna giga 16 alhali cikinsa bai kai ba. Da farko lafiya lau, sai an wuce ainihin girmansa fayiloli su fara buɗewa babu komai. Manhajar H2testw, wadda kyauta ce, tana cika filash da bayanai ta sake karanta su, ta faɗi gaskiyar girmansa. A gwada shi ranar da aka saya, tun ana iya mayarwa.

Wasu laifuffukan da ake ɗora wa filash ba nasa ba ne. Inji ba ya buɗe ZIP, wato fayil ɗin da aka dunƙule, sai an warware shi a kwamfuta. Ba ya ɗinka JPG, hoto ne kawai. EMB fayil ɗin gyara ne na manhajar Wilcom, sai an fitar da shi zuwa DST, ko PES in injin Brother ne, ko JEF in Janome ne. DST kuma ba ya riƙe launin zare, umarnin canji kawai yake ɗauke da shi, shi ya sa allon inji ke nuna launuka barkatai. A taƙaita sunan fayil zuwa haruffa takwas ba tazara, a rarraba zane cikin folda kaɗan-kaɗan, domin inji kan daɗe yana lalube in an zuba ɗaruruwa wuri ɗaya.

Da kuɗin babba ɗaya gara a sayi ƙanana biyu. Ɗaya na inji kaɗai, ba ya zuwa shagon buga takardu inda ake kwaso ƙwayar cutar da ke ɓoye folda. Ɗayan na ajiya a aljihun tebur, asalin fayilolin EMB kuma su zauna a kwamfuta.