Giris mai hana tsatsa a kan tiredin sigarin lantarki: abin da na gani cikin wata takwas a Kumasi

Ni mai aikin wayarin mota ne a Suame Magazine, wato unguwar makanikai ta Kumasi, ina zaune a Aboabo, kuma na daɗe ina shan taba kafin Allah Ya taimake ni na ajiye ta. Abin da na riƙe a madadinta shi ne sigarin lantarki da wani abokina ya kawo mini daga Jamus, irin tsohon samfurin nan da ba shi da wani allon lantarki a cikinsa. Bututu ne kawai na alminiyam, da batir guda ɗaya mai lamba 18650, da maɓalli a gindi, sai kai da ake murɗawa a sama. Na fara da wannan bayani ne domin duk abin da zan faɗa game da giris ya dogara a kansa: a irin wannan na'ura jikin bututun shi ne hanyar wuta, saboda haka wutar ba ta isa ga wayar da ke zafi sai ta ratsa ta tiredi, wato haƙoran da ake murɗa gindi da kai a kansu. Idan tiredin ya yi datti, to hanyar wuta ce ta yi datti.

Matsalar ta bayyana ne a tsakiyar damina, wajen watan Yuni, lokacin da iskar Kumasi take cike da laima, gumi kuma ba ya bushewa a tafin hannu. Tururin ya ragu ko da batir ɗin yanzu aka cire shi daga caji, gindin bututun ya fara ɗumi a hannuna bayan zuƙa biyu ko uku, kuma duk sanda na kwance shi sai in ji tiredin yana ƙara kamar an zuba masa yashi, yana bar mini baƙin gari a yatsa. Wanda ya yi aiki da alminiyam ya san dalili. Da zarar iska ta taɓa wannan ƙarfe sai ya yi wata fata siririya wadda ido ba ya gani, ita kuwa wannan fata ba ta barin wuta ta wuce, ga shi kuma alminiyam yana da halin cin ɗan'uwansa idan ana murza su a bushe.

Lissafin ba shi da wuya, kuma shi ne ya sa na ɗauki abin da muhimmanci. Batir cikakke yana da bolt 4.2, wayar da ke zafi wadda nake naɗawa kuma turjiyarta ga wuta tana wajen om 0.2, wato wutar da ke gudu ta kai amfiya 20 ko kusa da haka. A irin wannan gudu, idan datti ya ƙara turjiya ta om 0.02 kacal a tiredi, kusan bolt 0.4 ya salwanta a hanya, kuma abin da ya salwanta ba ɓacewa yake yi ba, zafi yake zama, wajen wat bakwai zuwa takwas, a daidai wurin da gindin batir yake zaune. Batir na litiyam kuwa ba ya ƙawance da zafi.

A shagonmu akwai wani gwangwani na giris mai launin toka da maigidana, wanda na koyi aiki a hannunsa, yake shafa wa mahaɗar waya idan alminiyam zai haɗu da jan ƙarfe. Masu aikin lantarki sun san ire-irensa da sunaye kamar Noalox da Ox-Gard da Penetrox, kuma galibinsu maiƙo ne da aka cakuɗa da garin tutiya mai laushi. Asalinsu an yi su ne domin wayoyin gini da na turakun wuta, inda ake ɗaure mahaɗa sau ɗaya a bar ta shekaru ba a taɓa ba. Wannan bambanci ban lura da shi ba a farko, alhali shi ne gaba ɗayan maganar, domin tiredin sigari ana kwance shi sau biyu ko uku a yini wajen sauya batir.

Na ɗebi kaɗan a murfin kwalba na tafi da shi gida, kuma a daren nan na yi kuskuren da nake rubuta wannan sharhi domin kada wani ya maimaita. Ban wanke tiredin ba, na lafta giris ɗin a kan dattin da ke wurin, na cika kowane haƙori da shi, ina ganin tunda ana ce masa mai kai wuta, yawansa alheri ne. A gaskiya sakamakon farko ya faranta mini rai, domin ƙarar ta ɓace, gindin ya riƙa shiga kamar an jiƙa shi da man shanu, tururin ma ya ɗan dawo. Amma kafin mako biyu giris ɗin ya koma baƙi ƙirin, ya tsattsafo daga tiredi ya gangara cikin maɓalli, ya kai kan ɗan ƙarfen da ke taɓa gindin batir. A wannan wuri kullum akwai ɗan tartsatsi idan aka danna, sai tartsatsin ya riƙa ƙona maiƙon yana barin tabo baƙi mai tauri. Na'urar ta fara ƙin kamawa sai na danna sau biyu, kuma wata rana da na zaro batir na tarar rigarsa ta roba ta yi kaca-kaca da toka har zuwa wuya.

Washegari na kai wa maigida ƙorafi a shago. Bai yi gardama da ni ba, sai ya ɗauko mita, ya juya ta wajen auna turjiya, ya ɗebo giris a kan kwali, ya tsoma bakunan wayoyin biyu a ciki da tazarar da ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba. Mita ba ta motsa ba, ta tsaya kamar wayoyin suna cikin iska. Ya ce mini, "Ɗana, ka gani da idonka. Wannan ba waya ba ce, kuma ba dalma ba ce. Aikinsa ya hana iska shiga, garin da ke ciki kuma ya kankare fatar ƙarfen idan ka ɗaure. Ƙarfe da ƙarfe ne ke kai wuta, shi dai mai gadi ne." Na ce, "Baba, to me ya sa suke ce masa mai kai wuta?" Ya ce sai an matse shi tsakanin ƙarafa biyu garin yake amfani, kuma kada wannan gwaji ya sa in saki jiki, domin maiƙo mai garin ƙarfe idan ya tara ƙura da ɓarɓashin tiredi, ba abin da za a bari kusa da wurin da wuta biyu ke maƙwabtaka ba ne.

Na koma na yi aikin daga farko yadda ya kamata. Na cire batir na ajiye shi gefe, na wargaza maɓallin, na wanke komai da sifirit da tsohon burushin haƙori, na bi kowane haƙori da tsumma mai tsabta har sai da ya daina fitowa da baƙi, sannan na bar su suka bushe sarai. Kafin in shafa komai na haɗa na gwada, kuma a nan ne na ga abin da ya sauya tunanina: wankin kaɗai ya dawo da tururin kusan yadda yake ranar da aka kawo na'urar, ɗumin gindi kuma ya tafi. Ashe mafi yawan abin da na yaba wa giris da shi a makon farko, wanki zai ba ni shi har da ƙari. Bayan haka na ɗebi abin da bai fi kan tsinken sakace ba, na ɗiga a wuri uku a kan tiredin namiji, wato wanda yake shiga cikin ɗan'uwansa, na murɗa ciki da waje sau huɗu ko biyar, na goge duk abin da ya fito, har ya zama ba a ganin giris ɗin sai dai a ji santsinsa.

A wannan gwargwado ya yi mini aiki, kuma ba zan rage masa hakkinsa ba. Daga ƙarshen Yuli har ruwa ya ɗauke, tiredin alminiyam ɗin bai sake ƙara ba, baƙin garin da yake zubarwa ya ragu ƙwarai, kuma wankin da a da nake buƙata duk bayan kwana huɗu ko biyar ya koma sau ɗaya a mako biyu. Abin da ya fi mini daraja shi ne haƙoran sun daina cinyewa, domin tiredin alminiyam idan ya lashe babu gyara, sai dai a jefar da bututun. Abokin da ya kawo mini na'urar yana da tasa ta jan ƙarfe, na shafa masa shi ma, amma a can ban ga wani bambancin kirki ba, face laushin murɗawa. Jan ƙarfe yana dushewa, amma gogewa da tsumma tana isar masa.

Hunturu ne ya nuna mini iyakarsa. Daga Disamba zuwa Fabrairu, sanda hazo ke rufe gari ƙura kuma ke shiga ko'ina, balle a Magazine inda garin ƙarfe da yashi suke tashi yini guda, duk buɗewar da zan yi domin sauya batir sai ƙura ta manne a maiƙon. Cikin kwana kaɗan santsin ya koma gurza-gurza, abin ya zama kamar man nan da ake wasa bawul da shi, wato maimakon ya kare haƙoran sai ya riƙa cin su a hankali. A waɗannan watanni na daina shafawa gaba ɗaya, na koma wanki da sifirit duk mako, ina ajiye na'urar cikin jaka mai zif, kuma hakan ya fi mini kwanciyar hankali.

Akwai wuraren da nake roƙon kowa kada ya kusance su da wannan giris ko da ɗigo ɗaya. Na farko shi ne mahaɗar sama da ake kira 510, inda kai yake shiga jiki. Tiredinta siriri ne, faɗinsa milimita 7, a tsakiyarsa kuma akwai ɗan tsinke da ke ɗauke da wuta ɗaya, tiredin da ke kewaye da shi yana ɗauke da ɗayar, ba abin da ya raba su sai wani ɗan zobe na roba. Na'ura irin tawa ba ta da fis ko wani abin da zai yanke wuta idan suka haɗu, batir ne zai sha duka, kuma batir da ya yi shot a cikin bututun ƙarfe yana iya fashewa a hannu ko a fuska. Haka nan kan batir da gindinsa da ƙarfen maɓalli, waɗannan a bar su a bushe, a goge su su yi ƙyalli. Ita ma rigar batir a riƙa dubawa, domin duk jikin gwangwanin da ke ƙarƙashinta wuta ce, ko yaya ta yage to a sauya riga ko a ajiye batir ɗin.

Wani abin da ya dame ni fiye da wuta shi ne numfashi. An yi wannan maiƙo ne domin akwatin lantarki, ba domin abin da mutum zai kai bakinsa ba, ga shi kuma yana da naci a yatsa, ruwa kaɗai ba ya fitar da shi. Hannun da ya shafa giris shi ne zai taɓa audugar da ke shan ruwan nikotin da wayar da ke zafi, abin da ya hau kansu kuwa huhu zai tafi. Saboda haka ba na haɗa aikin biyu a zama ɗaya, sai na wanke hannu da sabulu sosai, kuma tsumman giris daban yake da na kai. Ina da yara a gida, don haka murfin kwalbar da batir-batir ɗin da ruwan nikotin duk suna cikin akwatin da nake kullewa.

Wanda na'urarsa ta zamani ce mai allon lantarki da ƙofar batir, ko irin waɗanda ake sha a jefar, ba shi da abin yi da wannan giris ko kaɗan, domin wutarsa ba ta tiredin jiki take bi ba. Wanda kuma bai taɓa shan taba ba, ba na fatan wannan rubutu ya zama masa ƙofa, domin nikotin kamu yake yi ko ta wace hanya ya shiga, kuma Hukumar Abinci da Magunguna ta Ghana ta yi gargaɗi a 2023 cewa doka ba ta yarda da sayar da waɗannan na'urori da tallata su domin nishaɗi ba. Ni kaina ƙarfin ruwan nake ragewa, da niyyar in rabu da shi yadda na rabu da taba, in Allah Ya yarda.

Ga mai bututun alminiyam irin nawa, ra'ayina shi ne giris ɗin ya cancanci a ajiye shi, a yi amfani da shi da damina, ɗan kaɗan, a kan tiredin gindi da aka riga aka wanke, kuma ƙaramin tulu ɗaya zai yi shekaru bai ƙare ba. Abin da na ɗebo a murfin kwalba tun watan Yuni har yanzu rabinsa yana nan. Ragowar da na fi jin daɗin amfaninsa ma a kan tocilata ta alminiyam ce, wadda nake shiga ƙarƙashin mota da ita, domin ita sau ɗaya a mako nake kwance gindinta, kuma tun da na shafa mata haskenta bai sake rawa ba. Ruwan farko na bana ya sauka a makon jiya, ƙura ta kwanta, jiya da daddare na wanke tiredin sigarin na mayar masa da ɗigo uku.