Shi ya ci amana, shi ya kai ƙara: ra'ayina kan ofishin lauyoyin da suka tsaya wa Yayata

Tauraro huɗu na basu cikin biyar, kuma ba dan matsalar amsa waya da wata rana da suka turo mana wanda bai san kan fayil ɗinmu ba, da biyar ɗin zan cike musu. Ƙaramin ofishi ne da basa taɓa komai sai shari'ar iyali, saki da riƙon yara da kuɗin ciyarwa da rabon abin da ma'aurata suka tara tare. Bazan saka sunansu ba saboda Yayata ta roƙe ni, akwai yara a tsakani kuma wani ɓangare na maganar yana gaban alƙali har yanzu. Yadda suke aiki nake so in faɗa, dan duk wadda ta tsinci kanta a irin wannan halin ta san me zata duba a wajen lauya kafin ta damƙa masa sirrin gidanta.

Auren Yaya na rajista ne, irin wanda miji baya iya warware shi da baki ko da 'yar takarda, sai dai kotu. Mutumin nan shi ya kwashe kayansa ya bar gida, ya kama haya shi da wata, kuɗin makarantar yara ma sai an yi ta bin sa kamar bashi, sannan kwatsam sai ga sammaci wai shine yake neman a raba auren, kuma a cikin takardar ya zauna ya tsara cewa ita ce mai mugun hali, bata ganin girmansa, da baƙar magana ta kore shi daga gidan. Laifi tudu ne wallahi. Ni nake raka ta duk inda zata je domin a lokacin ko shafi ɗaya bata iya karantawa ta kai ƙarshe sai kuka, dan haka abin da zan faɗa ba labari aka bani ba.

Zaman farko shi ya sa na yarda dasu. Baristar da ta karɓe mu, mace ce mai ɗan shekaru, bata fara da doguwar jaje ba, sammacin ta karɓa ta juya bayansa tace "'Yar'uwa, wace rana aka miƙa miki wannan a hannu?" Yaya ta faɗa mata, ta ɗauko kalandar teburinta ta ƙirga ta zagaye wata rana da jan biro, tace kafin ranar nan dole amsarmu ta shiga kotu. Tace mata da yawa ɓacin rai ne yake sa su cusa takardar a ƙasan akwati, suna ganin in sun ƙi zuwa ai ba yadda za a yi a sake su, alhali shiru ɗin nan shi mai ƙarar yake fata, kotu na iya ci gaba da sauraren sa shi kaɗai, duk abin da ya rubuta ya tafi babu mai musawa. Lokacin saura kwanaki kaɗan wa'adin ya cika, a daren suka zauna kan takardun.

Sai Yaya ta kawo maganar da ta riƙe kamar igiya tun da abin ya faru, tace "Barista, ni fa na karanta a intanet cewa wanda ya yi laifi bashi da ikon neman saki, to ai mun gama cin nasara." Anan ne na ga banbancin lauyan ƙwarai da mai neman kuɗi kawai, domin da ta ce mata eh haka ne, a take zamu sa hannu mu fito muna murna. Amma tace maganar ba ƙarya bace, sai dai ba ko'ina take aiki ba, ya danganta da ƙasar da kotun take da kuma dokar da aka ƙulla auren a kanta. Ta ɗan zayyano mana, ni kuma da na koma gida na bi na duba na tarar yadda ta faɗa haka yake. A Koriya ta Kudu ƙa'idar tana nan, a 2015 kotun ƙolinsu ta sake zama a kanta, alƙalai 7 suka ce a bar ta 6 suka ce a canja, kun ga da ƙyar ma ta sha. A Japan tun 1952 kotun ƙoli ta hana wani miji da ya koma wajen wata mace rabuwa da matarsa, tana ganin in aka biya masa buƙata to an yi wa matar ga mari ga tsinka jaka, amma a 1987 kotun ta sassauta, tace mai laifi ma zai iya samu in rabuwar ta yi tsawo sosai, babu ƙananan yaran da ke buƙatar kulawa, kuma sakin bazai jefa ɗayan cikin matsanancin hali ba. Su waɗanda aka yi shari'ar ta 1987 a kansu sun haura shekara 30 basa tare. A Ingila kuwa tun 6 ga Afrilun 2022 an daina tambayar waye mai laifi, in ɗaya yace auren ya mutu to shikenan, ɗayan bashi da damar ja sai dai in yana cewa kotun bata da hurumi ko auren bai inganta ba tun asali. Amurka ma jihar Kalifoniya ta buɗe ƙofar saki ba tare da ɗora wa kowa laifi ba tun 1970, zuwa 2010 babu jihar da ta rage.

A tamu dokar, Barista tace abin tsaka-tsaki ne. Laifinsa yana da nauyi, kuma shi da ya yi zargi shi zai kawo hujja, in ya kasa alƙali na iya watsi da ƙarar tasa, amma in shekarun rabuwa suka cika adadin da doka ta yanka zai iya dawowa da wannan dalilin kaɗai ba tare da ya ɗora wa kowa laifi ba. Sai ta kalli Yaya tace "zan iya hana shi samun sakin a kan wannan ƙaryar, wannan ina da ƙwarin gwiwa, amma bazan iya dawo miki dashi gida ba, babu alƙalin da zai iya. To ki faɗa min tsakaninki da Allah, auren kike so ko sunanki da yaranki da rufin asirinki?" Yaya bata iya amsawa ba ranar, ita kuma bata matsa mata ba, tace ki je ki yi tunani, amsar da zamu shigar yanzu zata bar miki hanyoyin biyu a buɗe.

Na ga wasu suna ƙorafi kan irin wannan, wai lauya ya kashe musu gwiwa, su mai zafi suke so wanda zai bugi ƙirji yace sai ya ga bayan mijin. Ni ban yarda da hakan ba ko kaɗan. Mace da aka ci amanarta an riga an yi mata ƙarya iya ƙarya a gida, bai kamata ta biya kuɗi a ƙara mata wata a ofis ba.

Aikin hujja kuwa nan suka fi burge ni. Sun bamu fefa mai layi huɗu, kwanan wata, me ya faru, waye ya gani, wace takarda ce ta nuna. Yaya ta kwaso wata tsohuwar jaka cike da rasit, muka zazzage a kan dogon teburinsu, sakatariyar ta zauna damu tana jerawa wata bayan wata tana manna ƙananan takardu masu kala a jiki. Da aka ɗora sitatimen ɗin banki a gefe sai ga abin ya fito ƙarara, watan da ya daina turo kuɗin gida shine watan da rasit ɗin makaranta suka koma fita daga akawun ɗin Yaya, kuma duk wannan ya riga ranar da yace wai ta kore shi da nisa. Akwai wani saƙonsa na WhatsApp da yake cewa ta yi haƙuri shi ya riga ya yanke shawara kuma laifin ba nata bane, Yaya har ta so gogewa dan baƙin ciki, Barista tace kar ki kuskura ki goge komai, kuma sikirinshot kaɗai bai isa ba, wayar kanta ki adana ta da kyau dan za a iya neman ganin asalin saƙon.

Sun kuma hana mu abubuwan da zuciya ke ingiza mutum. Ni da kaina na tambaya ko a nemo wanda zai buɗe mana imel ɗinsa, tace "ƙanwata, hujjar da aka sato tana iya juyewa ta zama ƙara a kanku, bana aiki da ita." Tace kar Yaya ta rubuta komai a Facebook ko da habaici ne, kar ta je gidan ɗaya matar, kar ta hana shi ganin yara domin alƙali maslahar yara yake dubawa ba fushin iyaye ba, kar ta sa hannu a kowace takarda da danginsa zasu kawo da sunan sulhu sai ta gani. Akwai wani abu kuma da bamu taɓa ji ba, tace a dokoki da dama in ka san laifin ka yafe kuka koma zama kamar da, to daga baya ana iya cewa ka sarayar da damar kafa hujja dashi, shi yasa tace in har ya zo da maganar komawa, ba ta hana ba, amma a fara sanar da ita.

Tun kafin a shiga asalin shari'ar suka nemi kotu ta yanka masa kuɗin ciyarwa na wucin gadi, da kuma odar hana sayar da gidan ko canja sunan da ke kan takardunsa, domin mun ji ƙishin-ƙishin yana kai masu saye su gani. Duk biyun an samu. Kafin ranar bada shaida kuma Barista ta zaunar da Yaya ta zama lauyan mijin, tana jefa mata tambayoyi masu ciwo da murya mai kaushi, tana tsayar da ita duk lokacin da ta fara dogon bayani, tace amsa abin da aka tambaye ki kawai, in baki tuna ba kice ban tuna ba, ki kalli mai shari'a kar ki kalli mijinki. A kotu da lauyansa ya fara irin tambayoyin nan wallahi muryar Yaya ko rawa bata yi ba. Shi kuwa da aka nuna masa saƙonsa aka tambaye shi ko lambarsa ce, sai kame-kame.

Inda suka gaza kuma dole in faɗa. Samun su a waya aiki ne, ka tura saƙo yau sai bayan kwanaki ka ji amsa, ga mutum cikin fargaba ko barci baya yi. Da zasu ware ko da awa ɗaya a sati na amsa kira da sun rage wa mutane zullumi. Akwai ranar da Barista tana wata kotun, suka turo wani matashin lauya da a bakin ƙofa yake tambayar mu yara nawa ne, Allah ya taimaka ɗage zaman aka yi, amma da an shiga fa? Mun yi magana, ta bada haƙuri kuma bai sake faruwa ba. Maganar kuɗi sun rubuta mana yarjejeniya tun farko, wannan na yaba, sai dai ƙananan abubuwa irin kuɗin shigar da takarda da fotokofi da kai sammaci kaɗan-kaɗan suke fitowa, gara a ƙiyasta wa mutum jimla tun a zaman farko ya san yadda zai shirya. Sannan wajen jiransu a matse yake, sakatariya tana tambayarka me ya kawo ka kowa yana ji, a ofishin da sirrin aure ake kawowa wannan bai dace ba sam.

Daga ƙarshe Yaya ta zaɓi rabuwar amma ba a kan takardarsa ba. Suka shigar mata da nata ƙorafin a kan barin gida da cin amana, shi kuma da ya ga inda hujjoji suka dosa lauyansa ya nemi a zauna sulhu, ya janye zarge-zargen nan a rubuce, yara suna hannunta yana zuwa ganinsu a ranakun da aka tsara, kuɗin ciyarwa da na makaranta an rubuta alƙali ya sa hannu ya zama hukunci, ba alƙawarin baki ba. Gidan ne kaɗai ba a daidaita ba, shi ake jira.

In wanda zai riƙa kiran ki kullum yana kwantar miki da hankali kike nema, wannan ofishin bazai gamsar dake ba, ki tafi da wani naki da zai yi miki wannan. In kuma mai faɗa miki gaskiyar inda doka ta tsaya kike so da mai bin takarda ɗaya bayan ɗaya, zan tura ki wajensu ba tare da shakka ba. Ki riƙe sammacin da takardar aure da duk rasit ɗin da kike dashi a zuwan farko, kuma ki nemi a rubuta a yarjejeniya sunan lauyan da zai tsaya miki a kotu.