Rediyon da masu saurare suke riƙe da shi: wasiƙa daga Niyok

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da Inna da sauran mutanen gida. Ka tambaye ni a waya ko zaman Amurka ya raba ni da rediyo. Bai raba ni ba, sai ma abin da ya ƙaru. Tun da na fara tuƙin tasi a birnin Niyok (New York) nakan yi awa goma a mota, kuma kusan kullum akwatin yana kan 93.9 FM, tashar WNYC. Ita nake so in ba ka labari, don na san kai ma ba ka karyawa sai ka ji labaran safe.

Irin wannan tasha a nan ana ce mata rediyon jama'a. Da na fara jin sunan na ɗauka ta gwamnati ce, kamar Rediyon Kano ko Rediyon Tarayya na Kaduna. Ashe ba haka ba ne. Da can hukumar birnin ce ke da ita, tun 1924, amma a 1997 ta koma hannun wata gidauniya mai zaman kanta a kan dala miliyan 20, aka riƙa biya sannu a hankali. Labaran ƙasa baki ɗaya suna ɗauko su daga NPR, cibiyar rediyon jama'a ta ƙasa, wadda aka kafa a 1970. Hirar da ta shafi gari kuwa su suke shirya abarsu.

Shirin da ya fi kama ni shi ne na Brian Lehrer, daga ƙarfe 10 na safe zuwa 12 na rana, Litinin zuwa Juma'a. Tun 1989 mutumin nan yake gabatar da shi. Yau maganar kuɗin haya, gobe jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, jibi a kawo wani marubuci ko a tattauna makarantun yara, sannan a buɗe layi kowa ya bugo. A zamanin magajin gari Bill de Blasio, ranar Juma'a yakan shigo shirin ya amsa tambayoyin mutane kai tsaye. Na sha ajiye mota gefen titi don in ji da kyau. Mace za ta bugo daga unguwarsu ta faɗi damuwarta ba tare da wani kirari ko ranka ya daɗe ba. In ya kauce wa tambayar, sai mai gabatarwa ya sake maimaita masa ita cikin ladabi, ba ɗaga murya, har sai ya ce wani abu. Wallahi, Yaya, ranar farko jikina ne ya yi sanyi, don na tuna shirye-shiryen siyasarmu na dare, inda ɗan siyasa yake sayen fili, sojojin baka su zo su yi ta yabo da habaici, a tashi ba wanda ya tambayi inda kuɗin rijiyar burtsatse ya shiga.

Ni kaina na ci moriyar shirin. A sanyina na farko a unguwar Bronx, na'urar ɗumama ɗaki ta gidanmu ta mutu, mai gidan ya yi ta ja mana rai kwana da kwanaki. Da riga uku da safa biyu nake kwana, in na yi numfashi ina ganin tururi a cikin ɗaki. Ina tuƙi sai na ji ana bayani cewa doka ta wajabta wa masu gidajen haya ɗumama gida daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu, kuma wanda aka hana ya buga 311 ya kai ƙara. A bayan takardar shan mai na rubuta lambar. Na buga, na gaya wa maƙwabta su ma suka buga, ba a jima ba aka zo aka gyara.

To, wa yake biya? Mu ne. Sau 'yan kaɗan a shekara sukan ware kwanaki su yi ta roƙon gudummawa, har mutum ya gaji da ji, a ce wanda ya ba da kaza za a aiko masa da jakar yadi mai tambarin tashar. Kamfanoni ma suna tallafawa, a ambaci sunansu a taƙaice, ba irin tallan nan mai ihu ba. Shekara biyu ina saurare ba na biyan ko sisi, sai kunya ta kama ni, na sa ana cirar dala 10 daga asusuna kowane wata. Gwamnatin tarayya ma ta kasance tana ba da wani kaso tun bayan dokar kafofin yaɗa labaran jama'a ta 1967, amma a Yulin 2025 majalisar dokoki ta janye dala biliyan 1.1 da aka ware wa kafofin yaɗa labaran jama'a. Manyan tashoshi irin tamu za su lallaɓa. Ƙananan na karkara, waɗanda suka fi dogara da wannan kuɗi, su nake ji wa.

Amma fa akwai inda muka fi su, nesa ba kusa ba. A gida rediyo na kowa ne: makiyayi ya rataya shi a kafaɗa, mai shayi ya kunna wa majalisa, tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta san abin da ake ciki a duniya, saboda da harshenta ake magana tun da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957. A nan, yawancin masu bugowa 'yan boko ne. 'Yan uwanmu Hausawan Gana da Nijar da Najeriya da suka cika Bronx, da yawansu Turancin ya yi musu sauri, don haka labarin dokar haya ko ta zama a ƙasa sai dai su ji a bakin wani a WhatsApp, rabi gaskiya rabi ƙarya. Wannan yana ci mini rai.

Shi ya sa mu huɗu a masallacinmu muka fara shawarar yin hira ta awa ɗaya da Hausa kowane mako ta intanet, mu gayyato lauya ko ma'aikaciyar jinya, mu buɗe layi. Ba mu san kan aikin ba. Don Allah, Yaya, ka je wa abokin nan naka da ya yi ritaya daga gidan rediyo, ka roƙar mini shi ya ba ni ko minti 30 a waya ranar Lahadi. Ka gaishe da Inna.