Gwajin Wada ko fMRI kafin tiyatar farfaɗiya?

Iyalan masu farfaɗiyar da ta ƙi jin magani sun sha tambayata wanne ya fi tsakanin gwajin Wada da fMRI, wato ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa tana cikin aiki. Duka biyun abu guda suke nema: ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke riƙe da magana da tunawa, kada wuƙa ta taɓa shi.

Wada ɗin nan ba Bahaushe ba ne. Juhn Wada likita ne ɗan Japan, ya fito da gwajin a 1949. Ana zura siririn bututu ta jijiyar jini a matsematsi har wuya, a sa maganin da zai kwantar da rabin ƙwaƙwalwa na 'yan mintuna. Sai ka ga hannu ɗaya ya faɗi lakwas, likita na nuna cokali yana cewa "mene ne wannan?" Akwai tsada, da ɗan haɗarin shanyewar ɓarin jiki.

Shi kuwa fMRI babu huji, kwanciya ce cikin na'ura kana tunanin kalmomi. Wajen gano magana ya ƙware, amma a kan tunawa, a ganina, da sauransa.

Wanda zai iya kwanciya shiru, fMRI ya dace da shi. Wanda hotonsa ya bar shakka, ko ake fargabar mantuwa bayan tiyata, Wada ya fi masa.