Marubutan takardu na bakin gidan shari'a a Damagaram: inda suke da amfani, inda suke tuntuɓe

Duk wanda ya je neman takarda a gidan shari'a ko ma'aikatar magajin gari a Zinder ya san su. Tebur ɗaya a inuwar dogon yaro, benci, jakar tsofaffin takardu, dutse an danne farar takarda kada iska ta kwashe. Waɗanda suka ɗan samu sun kama shago da kwamfuta da injin fotokofi. Aikinsu shi ne su mayar da abin da ka faɗa da Hausa ya koma takardar Faransanci irin wadda ofis ke karɓa. A 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, amma takardun hukuma har yanzu da Faransanci ake cika su, don haka kasuwar waɗannan mutane ba ta faɗi ba.

Wajen rubuta takardar buƙata, sun iya. Sun san wa ake rubuta wa, da wace gaisuwa ake buɗewa, da kusurwar da ake manna tambur. Kuɗin rubutu ciniki ne, shafi-shafi, kuma daban yake da kuɗin tambur. A tambayi biyun a rarrabe tun kafin a fara, domin wasu kan dunƙule su wuri guda, mai takarda ya kasa sanin nawa ya shiga asusun hukuma.

Inda suka fi aiki shi ne takardar haihuwa, kuma nan ne ya kamata a buɗe ido. Dokar rajistar jama'a ta 2019 ta ba da kwana 60 a kai sanarwa, kuma sanarwar cikin wa'adi kyauta ce. Ba haihuwa kaɗai ba: aure, rasuwa, har saki, duka ana rubuta su. Mutane da yawa ba su san na auren da na sakin ba sai ranar da rabon gado ko kuɗin fansho ya taso. In wa'adin ya wuce, ma'aikatar magajin gari ba ta ba da takardar haihuwar kai tsaye, sai an je wurin alƙali da shaidu biyu, ya yanke hukuncin da ke tabbatar da haihuwar, sannan a kai hukuncin a shigar cikin rajista. Marubuci nagari zai fara da tambaya: “Malam, yau kwana nawa da haihuwar?” In bai kai 60 ba, ya ce ka tafi da takardar da aka ba ka a likita, ba ka buƙatarsa. Wanda ya zaro takarda ya fara rubutu bai tambaya ba, cinikinsa yake dubawa.

Babban aibinsu yana wajen suna. Kunne suke bi. Ka ce Mamman, ya rubuta Maman, alhali a takardar haihuwarka Mahamane ne. Ka ce Abdu, ya sa Abdou, katinka kuma Abdoul Aziz. A gida duk mutum ɗaya ne, a ofis mutum biyu ne. Lokacin da yaro zai nemi takardar shaidar zama ɗan ƙasa, kotu na haɗa takardar haihuwarsa da ta mahaifinsa ko mahaifiyarsa, harafi ɗaya ya saɓa sai a mayar da takardun. Gyaran kuma ba da biro ake yi ba, komawa gaban alƙali ne. Maganin mai sauƙi ne: kada a faɗa masa suna da baki. A ajiye masa asalin takardar a kan tebur ya kwafa harafi-harafi, sannan a sa wanda ya yi lakol ya karanta kafin a sa hannu. Tsofaffin da takardarsu ta ce an haife su “wajejen” shekara kaza, a bar ta yadda take, kada ya ƙirƙiro musu rana da wata.

Takardar shaidar rashin laifi kuwa wata uku take yi ta mutu, kuma a kotun yankin da aka haifi mutum ake karɓarta. Wanda aka haifa a wani yankin bai kamata ya ɓata yini a layin Zinder ba. Wasu marubutan na faɗa, wasu sai bayan sun karɓi kuɗi.

Sai cinikin gona da fili. Suna buga yarjejeniya mai kyan gani, da sunan mai saye da mai sayarwa da wurin dangwala yatsa. Ita kaɗai ba ta isa ba. A karkara, tun dokar 1993 kan filaye, kwamitin filaye da ake kira Kofo ne ke ba da takardar shaidar saye, ko kyauta, ko gado, tare da mai gari da shaidu, bayan an taka iyakoki. Rikicin gona ma sai ya bi ta sulhun sarakunan gargajiya kafin kotu ta saurara. A cikin gari, a nemi ganin takardar mallaka ta asali, a je ma'aikatar magajin gari a tabbatar sunan da ke ciki na mai sayarwa ne. Wani abin da ba kasafai suke sa wa a yarjejeniya ba shi ne itatuwan cikin gonar. Gawo itace ne da dokar daji ke karewa, ko a gonarka yake ba ka sare shi sai da izinin ma'aikatan gandun daji. Mai saye da ke lissafin itacen girki cikin farashi ya san da haka.

Akwai kuma masu cewa “kawo, na san wani a ciki, gobe ka zo ka karɓa”. Wannan ya fita daga aikin rubutu. Kada a bar musu asalin takarda ta kwana. A yi fotokofi, a kai a buga mata hatimin tabbatarwa a ma'aikatar magajin gari ko komisariya, asalin ta koma gida cikin leda, saboda gara da ruwan damina.

A je musu da safe, kafin layi ya yi tsawo kuma kafin wuta ta ɗauke wa masu kwamfuta. A riƙe hotuna da katin shaidun biyu a aljihu.