Fedal ɗin distoshin da na jona wa jitar katako, da abin da ya yi mani a wurin kamu

Tun wata biyu da suka wuce nake son rubuta wannan, sai yanzu raina ya ɗan huce. Ni jitar katako nake kaɗawa, mai rami a ciki, da fiyezo, wato ɗan abin da ke ɗaukar girgizar jita ya maida ta sigina, a ƙarƙashin jakin da tsirkiya ke hawa. Abin da na daɗe ina sha'awa shi ne wannan kaushin sauti da ake ji a kiɗan Buzayen Agadas, duk wanda ya taɓa shiga motar Jibiya ko Maraɗi ya san shi. Kuɗin jitar lantarki babu, sai na ce bari in sayi fedal ɗin distoshin, wato ƙaramar na'urar da ake takawa da ƙafa ta kausasa sauti, in jona ma wadda nake da ita.

Na yi oda daga Kano, aka sako mani a mota. Fedal ne ruwan lemo, kwaikwayon DS-1 na Boss wanda ya fito tun 1978, amma wannan na kwaikwayo ne, ko sunan kirki babu a jikinshi. Kafin in tura kuɗi sai da na tambayi mai shagon har sau biyu, na ce mashi Alhaji jitar katako ce fa, ya ce kowace irin jita yana yi. Wannan maganar ce har yau take ci mani rai.

A ɗaki da ƙaramar sifika, sauti ƙasa-ƙasa, bai yi muni ba, shi ya sa na saki jiki. Ranar kamun ɗiyar yayata a Ƙofar Ƙaura aka ba ni minti goma kafin mai DJ ya karɓa, na jona fedal ɗin kai tsaye cikin mikisa, na'urar da ke haɗa sauti ta tura ma sifiku, na fara da sauti tsabtatacce mata suna jin daɗi har an fara liƙi, ina taka shi kawai sai sifikun nan suka saki wani irin kuka mai tsawo kamar ana yanka ƙarfe, yara suka toshe kunne, wata jaririya ta fashe da kuka, na ɗora tafin hannu kan tsirkiya don ya yi shiru amma ina, jikin jitar da kanshi yake rawa a ƙirjina. Sai da mai DJ ya sauke layina gaba ɗaya. Gwaggona ta matso ta ce mani a hankali, Ɗan'uwana ka bari haka nan, Allah ya yi albarka. Wallahi da ta yi mani faɗa da ya fi mani sauƙi. Na so in faranta ma yarinyar nan ne a ranarta.

Washegari na kai kayan wurin wani dattijo mai gyaran amfilifaya a cikin gari, shi ya zaunar da ni ya yi mani bayani. Distoshin yana ƙara ƙarfin sigina sosai sannan ya datse kanta da ƙarfi, to jitar katako kuma akwati ce mai amsa sauti, duk abin da sifika ta fitar yana girgiza fuskar katakon, fiyezo ya ɗauka ya mayar cikin fedal, fedal ya ninka, haka zai yi ta zagaye. Ga shi kuma na tsaya gab da sifika. Na biyu, sifikun biki suna da tuwita mai fitar da siririn sauti, ita kuwa sifikar jitar lantarki daga wajen kilohaz 5 zuwa sama take yanke shi, shi ya sa distoshin ke daɗi a can, a nan kuma ya koma kamar ƙudan zuma a cikin gwangwani.

Ya ɗauko wani fedal SD-1 mai ruwan ɗorawa na wani da ya kawo gyaran ramin jona waya, irin wanda ake kira obadiraif, shi a hankali yake datse siginar. Ya sa Drive, maɓallin ƙara kaushi, can ƙasa, ya rage Tone mai ƙara siririn sauti, ya toshe ramin jitar da murfin roba, ya danna maɓallin fes, mai juya sigina don rage kuka, da ke jikin firi'amf ɗin jitata, wato ɗan akwatin ƙara sigina, maɓallin da ni ban taɓa sanin amfaninshi ba, ya jona a tsohuwar amfilifayar jitar lantarki. Kai jama'a! In na taɓa a hankali sautin katako na nan, in na buga da ƙarfi sai ya yi ɗan gurnani mai ɗumi. Na fi awa ɗaya a shagon, har aka kira la'asar ban sani ba. Tsirkiya ɗaya-ɗaya ko biyu tare ya fi daɗi, in ka kaɗa shida gaba ɗaya sai ya cakuɗe.

A nan na ce to a gwada nawa ma a haka. Gaskiya da Dist, maɓallin kaushi na nawa fedal ɗin, a kusan ƙarshen ƙasa da murfin roba bai yi kuka ba, har na fara cewa ashe na zalunci abin, laifin jonawa ne. Na dawo gida da niyyar riƙe shi.

Amma sati guda da shi haushin ya dawo. Da ka ɗan murɗa Dist ya wuce kwata sai ƙarar yatsa a kan tsirkiya ta fi kiɗan fitowa, ko gwiwar hannu ta taɓa katakon sai ka ji gum. Adaftar da aka haɗo mani da ita tana huuu ba tsayawa, dole na koma batir mai bolt 9, shi ma in ka manta wayar jita a cikin ramin Input ya kwana yana ci. Wannan na san haka irin fedalolin nan suke, amma ai sai a faɗa ma mutum. Na kira mai shagon na ba shi labarin kamu, ya ce ai ban ce mashi a taro zan yi ba, kuma kaya in sun fita ba a maidowa. To jita a ina ake kaɗa ta in ba a taro ba?

Yanzu dai ina tara kuɗin fikof, wato abin ɗaukar sautin tsirkiya, mai maganaɗisu irin wanda ake maƙalawa a bakin rami, dattijon ya ce ya fi fiyezo jure wannan aikin, sai obadiraif ko na hannu ne. Mai ruwan lemon yana cikin kwalinshi, in akwai mai jitar lantarki a nan Katsina da yake son musaya ya zo ya gwada da amfilifayarshi kafin mu yi magana.