Neman Asalin Dangi a Amurka: Laburaren Gunduma, Shafukan Biyan Kuɗi, ko Gwajin DNA?

Wanda ya ƙudiri aniyar bin salsalar wani gida a Amurka, ko tono tarihin wani gari a can, hanyoyi huɗu ne a gabansa: laburaren gunduma, shafukan intanet masu karɓar kuɗi, gwajin DNA, da ɗaukar ƙwararre ya yi masa aikin. Ukun ƙarshe su ne masu talla, shi ya sa mutane da yawa ke zaro katin banki tun ba su san cewa rabin abin da za su saya yana nan kyauta a laburaren garinsu ba. Ra'ayinmu a fili yake: a fara da laburare, kada a biya ko sisi sai an san takamaiman takardar da ake nema da kuma inda take.

Dalili kuwa shi ne, Amurka ba ta tara takardun mutanenta wuri guda. Ɗaurin aure, cinikin fili, wasiyya da rabon gado, galibi a matakin gunduma ake rubuta su, kuma gundumomin sun haura 3,000. Jihar Indiyana kaɗai tana da 92. Saboda haka tambayar farko ita ce: a wace gunduma mutumin ya zauna, kuma a wace shekara? Shekarar na da muhimmanci domin iyakoki sun yi ta sauyawa. Manomi zai iya kwana a gona ɗaya duk rayuwarsa, amma takardar aurensa tana wata gunduma, ta rabon gadonsa tana wata, saboda an tsaga tsohuwar gida biyu. Laburaren Newberry da ke Chicago ya sa taswirorin waɗannan sauye-sauye a intanet kyauta. A duba su kafin a rubuta wa kowa wasiƙa.

Abin da laburaren gunduma ke da shi

Babban misali shi ne laburaren gundumar Allen da ke Fort Wayne a Indiyana. Fred Reynolds, shugabansa a lokacin, shi ya kafa sashen salsala a 1961, kuma yau babu laburaren jama'a a Amurka da ya kai shi yawan kayan wannan fanni. Wanda ya fi shi sai na FamilySearch da ke Salt Lake City, shi kuwa na cocin Mormon ne. Shiga na Allen kyauta ne, littattafan kuma a fili suke kan kanta, kai za ka ɗauko da hannunka. Ma'aikatansa ne suka haɗa fihirisar PERSI, wadda ke nuna maka a wace mujallar tarihi, a wace fitowa, aka taɓa rubuta wani abu game da sunan gidanku ko garinku. Tana shafinsu kyauta. Amma a lura, fihirisar kan muƙala take nunawa, ba duk sunan da ke cikinta ba. Idan ka nemi suna ba ka samu ba, nemi gunduma da nau'in takarda, misali maƙabartu ko jerin masu biyan haraji.

Ba kowace gunduma ce Allen ba. Yawancinsu ɗaki ɗaya ne a bayan ginin, da na'urar duba maikrofim (fim mai ɗauke da ƙananan hotunan takardu) ɗaya ko biyu, da akwatunan ƙarfe. Kada ka raina ɗakin nan. A cikinsa ne ake samun abin da sau da yawa babu kamfanin da ya ɗauka a hoto: katunan sanarwar rasuwa da 'yan sa-kai suka kwafo daga jaridar garin shekara da shekaru, littattafan ƙarshen shekara na makarantu masu hotunan ɗalibai, jerin kaburbura da aka bi layi-layi aka rubuta tun duwatsun ba su goge ba, da fayil-fayil na yankakkun jaridu da wasiƙu an jera su da sunan gida.

Abubuwa biyu sun cancanci a tsaya a kansu. Na farko littafin mazauna gari, wanda kamfanoni irin su R. L. Polk suka riƙa bugawa kusan duk shekara. Layi ɗaya ne ga kowane magidanci: suna, sana'a, wurin aiki, lambar gida. Ka ɗauko na shekara goma ka jera a tebur, sai ka ga mutum ya tashi daga lebura ya zama direba, ya bar gidan haya ya koma wata unguwa, sannan wata shekara sunansa ya ɓace, na matarsa ya fito da haruffan "wid" a gefe, alamar mijinta ya rasu. Ka sami shekarar da za ka nemi sanarwar rasuwa ke nan. Sai dai ana tattara bayanan watanni kafin bugawa, don haka a faɗaɗa neman da shekara guda baya.

Na biyu taswirorin Sanborn, waɗanda aka fara a 1867 domin kamfanonin inshorar gobara. Gida-gida aka zana su: ruwan hoda na nufin ginin bulo, rawaya na katako, shuɗi na dutse. Ka ɗauki lambar gidan daga littafin mazauna ka ɗora a kan taswira, za ka ga faɗin gidan, hawa nawa ne, da masana'antar da ke bayansa.

Akwai kuma abin da za a yi hattara da shi. Manyan littattafan tarihin gunduma na wajajen 1880 cike suke da tarihin mutane, amma da yawansu kuɗi suka biya aka sa su, kuma su suka faɗi abin da aka rubuta. Sunayen 'ya'ya da na mata yawanci daidai ne. Labarin kakan kaka kuwa, a ɗauke shi a matsayin ji-ta-ji-ta sai an ga takarda.

Kayan wannan ɗaki ba a ba da aronsu, kuma a ƙananan garuruwa ba kullum yake buɗe ba, sai a kira tukuna. A tafi da filash na kwamfuta, domin na'urorin maikrofim na zamani suna adana hoto. Duk shafin da ka ɗauka, ɗauki bangon littafin ko kwalin fim ɗin tare da shi. Hoto ba tare da sanin inda ya fito ba, bayan wata shida ba shi da amfani. Sannan laburare ba kotu ba ne: asalin takardun fili da na gado suna ofisoshin gunduma. A Indiyana gundumomi sun fara rubuta haihuwa da mutuwa a 1882, jihar kuwa ba ta fara tara na haihuwa ba sai Oktoban 1907. Wanda aka haifa kafin nan, sai a bi ta rajistar coci, ƙidaya, ko takardar mutuwarsa.

Shafukan intanet

Ancestry shi ne babba, kuɗinsa na wata ya haura dala 20 ga takardun Amurka kaɗai, ya fi haka idan ana son na ƙasashen waje. Gwajin kyauta na kwana 14 da yake bayarwa sai an sa katin banki, kuma idan ba ka soke ba zai fara cirar kuɗi da kansa. Laburare da yawa sun riga sun biya wani nau'insa da ake kira Ancestry Library Edition, wanda ake amfani da shi kyauta a cikin ginin. Yana da ƙidaya da jerin fasinjojin jiragen ruwa da sauran manyan takardu, amma ba za ka gina bishiyar danginka a ciki ba, ba kuma za ka aika wa wani saƙo ba. HeritageQuest ya fi shi ƙanƙanta, amma da katin laburare kana buɗe shi daga gida.

FamilySearch, na cocin Mormon, kyauta ne gaba ɗaya, kuma a 2021 ya kammala mayar da fim miliyan 2.4 zuwa hotunan kwamfuta. Idan ka ga alamar kyamara da makulli a kanta, takardar ba ta buɗuwa daga gida. Da yawansu suna buɗuwa a laburaren da ke da yarjejeniya da su, don haka a tambayi ma'aikaci. Rauninsa ɗaya: bishiyar dangi ta kowa da kowa ce, wani zai iya shigowa ya haɗa kakanka da wani mai suna irin nasa. Tsofaffin jaridu kuwa, a fara da Chronicling America na Laburaren Majalisar Dokoki, kyauta, kafin a biya Newspapers.com. Kuma kafin a biya, a duba jerin jaridunsa a tabbatar akwai ta garin da ake nema, ta shekarun da ake nema.

Shafukan salsala a kan ƙidayar jama'a suka dogara, don haka a san halinta. Ana yin ta duk shekara goma tun 1790, ba a sakin sunaye sai bayan shekara 72. Ta 1950 ta fito a Afrilun 2022, ta 1960 sai 2032. Kafin 1850 sunan maigida kaɗai ake rubutawa. Ta 1890 kusan dukanta ta salwanta sakamakon gobarar da aka yi a Washinton a 1921, kuma wannan giɓi na shekara ashirin littattafan mazauna gari ne ke cike shi, wato an sake komawa laburare. Ma'aikacin ƙidaya yadda ya ji suna haka yake rubutawa. Shi ya sa ake da tsarin Soundex mai tara sunaye bisa sauti: Muhammad da Mohammed duka M530 ne, amma Mamman M550 ne, sai an neme shi daban.

Ga baƙaƙen fatan Amurka akwai katanga a 1870, shekarar da aka fara rubuta 'yantattun bayi da sunayensu. A 1850 da 1860 sunan ubangidan kaɗai aka sa, bawa kuwa shekaru, jinsi da launin fata. Hanyar tsallakawa ita ce takardun Hukumar 'Yantattun Bayi ta 1865 zuwa 1872, da na bankinsu da ya rushe a 1874, inda mai buɗe asusu yake lissafa iyayensa da 'yan'uwansa. Bayan nan sai takardun gadon ubangidan, inda aka jera mutane da sunayensu da farashinsu tare da dawaki da kayan ɗaki. Karanta su akwai ciwo, amma sau da yawa nan ne kaɗai sunan uwa ya zo kusa da na ɗanta.

Gwajin DNA da ƙwararre

Gwajin yawu irin na AncestryDNA kusan dala 99 ne, kuma amfaninsa na gaskiya shi ne nuna dangin da ke raye. Ɗan baffa ko ɗan kawu kuna tarayya a kusan kashi 12.5 cikin ɗari, jikokin wa da ƙane kusan kashi 3, bayan kaka na biyar ko na shida kuwa alamar ta dusashe. Kason ƙabila da suke nunawa ƙiyasi ne, yana sauyawa duk lokacin da kamfani ya sabunta lissafinsa. Kamfanin African Ancestry yana bin layin uwa zalla ko na uba zalla, yana kuma iya cewa layin ya dace da na Hausawa. Zare ɗaya ke nan cikin ɗaruruwa, ba zai ba ka gari ko sunan kaka ba. A kuma tuna cewa kamfanin gwajin DNA na 23andMe an sace bayanan mutanensa kusan miliyan 6.9 a 2023, ya kuma shigar da takardun karyewar arziki a Maris na 2025. Kafin ka tofa yawu, karanta yadda ake goge bayanai, ka kuma shirya wa yiwuwar jin sirrin gida da ba ka nema ba.

Ƙwararre shi ne mafi tsada, da awa ake biyansa, kuma lokacinsa kake saya ko ya samo ko bai samo ba. Ya dace idan kotun gundumar ta taɓa ƙonewa, ko takardun suna nesa da kai. Nemi mai shaidar Board for Certification of Genealogists, ku rubuta yarjejeniya mai ƙayyade awanni, ka ba shi duk abin da ka riga ka samu don kada ka biya kuɗin maimaici.

Bahaushen da iyayensa suka shigo Amurka a 'yan shekarun nan ba zai gan su a ƙidayar da aka saki ba. Nasa binciken yana bakin dattawan gida, da ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, da Arewa House. Wanda kuwa yake bin dangin mata ko miji, ko yake rubutun makaranta kan wani gari, kuma ba zai iya zuwa ba, ya rubuta wa laburaren gundumar. Da yawansu suna nemo sanarwar rasuwa kyauta ko da 'yan daloli kaɗan. Wasiƙar ta zama gajeriya: cikakken suna ɗaya, gari, shekarar rasuwa ko tsakanin shekaru biyu, da tambaya guda.